Faranti na Bakwai

Sau uku Inna ta fice mana daga gida cikin wata biyu, kuma kullum hanyar Kalmalo, garinmu na bakin tafki, take kamawa. Na ukun ya fi muni, don sai bayan la'asar wani mai amalanke ya gane ta can bayan gari, ba takalmi, leɓɓanta duk sun tsage, ya ɗoro ta ya kawo mini. Da ya tambaye ta ina za ta, cewa ta yi gida za ta, ta baro yara su kaɗai. Yaran da take faɗa ɗin, biyar sun daɗe a ƙasa. Mu biyu muka rage: yayana Zaharaddini, ɗan farinta, mai aikin gwamnati a Sakkwato, sai ni Hindatu, auta, da ke aure a nan Illela.

Ranar nan Yaya ya kira ni a waya, ya wanke ni tas. Wai ban iya riƙo ba, wai wata rana a bakin iyaka za a tsinci uwarmu, ko a ƙarƙashin tirela. Ya ce in ta ƙara fita ko sau ɗaya, zai zo da mota ya ɗauke ta, gidansa akwai katanga akwai maigadi. Ni ma ban raga masa ba. Na ce mutumin da ko irin kunun da take sha bai sani ba, shi ne zai koya mini riƙon uwa? Amma da na ajiye wayar sai jikina ya yi sanyi, don na san abin da gidan nan nasa yake nufi: ɗaki mai tayil, fanka tana juyawa, da makulli a waje. Matar da ta yi shekara saba'in tana shaƙar iskar tafki, wallahi ba za ta kai baɗi a ciki ba.

Abin da ban gaya masa ba shi ne, Inna ta daina sanina. Tun da ruɗewar tsufa ta kama ta, ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci a baki in hannunta na rawa, amma "baiwar Allah" take ce mini. Tana gode mini yadda ake gode wa maƙwabciya mai kirki. Wani lokacin har ta tambaye ni ko na san Hindatu, 'yar autarta, in ce na san ta, ta ce to in na gan ta in ce ta zo. Wannan abu ya fi mini zagi ciwo.

Gidan da take nema kuma babu shi. Daminar bara ce ta cinye shi. Bangon baya ya fara zubewa, muka kwaso ta, bayan kwana tara sauran ya bi. A cikin kwana taran nan na koma da wuƙa da tsohon zane, na ɓamɓaro farantan da ke jikin bangon ɗakinta.

Farantan nan su ne mu. Baba, Malam Na'Allah, Allah ya jiƙansa, busasshen kifin Kalmalo yake kaiwa Ƙonni. Mutanen dā suna manna kwanoni a jikin bango don ado, shi kuma sai ya mai da abin nasa: duk haihuwar da Inna ta yi, zai sayo faranti, ranar suna ya kwaɓa ƙasa ya danna shi a bango da hannunsa, daidai inda hasken ƙofa yake faɗawa. Bakwai suka jeru. Shida na ƙarfe ne masu fenti, irin na da, masu furanni ja da kore. Na bakwai, nawa, na tangaran ne fari mai shuɗin baki, don shekarar da aka haife ni kifi ya yi albarka. Inna ba ta taɓa zuwa makabarta ba, amma kowace Juma'a tana jiƙa tsumma ta goge farantan nan ɗaya bayan ɗaya, tana motsa baki.

Tun da na kwaso su suna cikin akwati ƙarƙashin gado. Na taɓa fito mata da su na jera a tabarma, ta dube su kamar kayan talla, ta kau da kai. Sai ranar da Yaya ya yi mini wannan waya na tsaya ina kallonta. Ba ta zama a ɗaki, ta ce silin na danne mata numfashi. Daga hantsi har magariba tana ƙarƙashin rumfa, fuskarta na kallon wuri ɗaya, wato jikin kwantenar maigidana Lawwali, wadda ita ce ta zame mana bangon tsakar gida ta gabas. Ƙarfe ne zalla, jan fenti ya koɗe, ba komai a jikinsa sai wasu lambobi. Nan take abin ya faɗo mini: a tabarma ba ta san su ba, don ba a tabarma ta saba ganinsu ba. A bango ta san su, a tsaye, a jere.

Washegari na sami Lawwali na ce ya kira mai walda ya huda mini ramuka bakwai, a sa ƙugiya. Ya dube ni kamar na ce ya huda cikinsa. Kwantenar nan cike take da atamfa da shadda, rabin kayan ma na abokin cinikinsa ne na Ƙonni. Ya ce rami ɗaya ya isa ruwa ya bi, tsatsa ta kama, bandir guda ya tashi aiki, balle walda, da tartsatsin wuta a bayan yadi. Na ce to uwata ba ta kai bandir ɗin atamfa ba ke nan. Na san ban yi masa adalci ba, mutumin da ya karɓi surukarsa bai taɓa ɓata fuska ba, amma bakina in ya buɗe ba ya jiran izinina. Ya sa hularsa ya fita. Da azahar sai ga shi ya dawo da Mukhtari, mai gyaran rediyo na bakin tasha.

Mukhtari dattijo ne mai furfura, ido ɗaya ya fara hazo, kuma ba ya gaisuwa mai tsawo. Ya zazzage wata leda a ƙasa, sai ga baƙaƙen zobba masu nauyi, mayen ƙarfe ne da ya ciro daga matattun lasifikoki. Ya ɗauki ɗaya ya kai jikin kwantena, tun bai taɓa ba ƙarfen ya fizge shi, ƙau! Ya karɓi farantin Halliru, wanda ke bin Yaya, ya ɗora a kai, ya janye hannu. Faranti ya tsaya cak. Ya ce in naɗe kowane zobe da ɗan ƙyalle mai laushi don kada ya kankare fenti, in kuma nemi inda ƙarfen ya turo waje, kada in sa a kwarin. Ba huji, ba ƙusa, ba abin da zai taɓa atamfar kowa. Lawwali ya dube ni ta gefen ido, na yi kamar ban gani ba.

Shida suka hau lafiya. Da aka zo kan nawa, Mukhtari ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya girgiza kai. Tangaran ba ruwansa da mayen ƙarfe. Na ce a liƙa zoben a bayansa da gam, ya ce farantin ya yi nauyi, zoben zai zame da shi, a wayi gari a tsinci gutsattsari. Hanya ɗaya ce, a liƙe shi kai tsaye da gam ɗin nan mai haɗi biyu da masu gyaran babur ke toshe tanki da shi. Sai dai ya ce in sani, in ya kama ya kama ke nan, ba mai raba su sai da guduma. Lawwali ya ce ai gam ba rami ba ne, a sa. Mukhtari ya kankare wurin da takardar yashi, ya gauraya gam ɗin a marfin kwalba, ya shafa, ya ce in danna in riƙe. Na tsaya riƙe da shi har kafaɗata ta ƙage, ƙarfen yana hura mini zafi a fuska.

Duk abin nan Inna tana ɗaki, da ƙyar na lallaɓa ta ta shiga barcin rana. Da la'asar na fito da ita, na zaunar da ita a tabarmarta, na koma bakin murhu ina ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Ta daɗe ba ta motsa ba. Can sai ta dafa ƙasa ta miƙe da kanta, ta taka har jikin kwantenar, ta ɗora yatsa a kan na farko. Ba ta faɗi sunansa ba. Duk abin da ya zube daga kanta, kunyar ɗan fari ba ta zube ba, sai ta ce, "Wanga na babban ne." Ta matsa gaba. Halliru. Ruƙayyatu. Zakari. Mahbuba. Jabir, wanda ƙyanda ta ɗauke yana shekara huɗu. Ba ta yi tuntuɓe ko a ɗaya ba. Ta kai kan farin, ta shafa shuɗin bakinsa, har da 'yar dariya.

"Hindatu," ta ce. "Ja'ira."

Wata goma sha ɗaya ban ji sunana a bakinta da irin wannan murya ba. Ba ni take kallo ba, farantin take kallo, amma na karɓa. Na kifa kaina a gwiwa na yi kuka har tuwona ya kama.

Kwana ashirin da uku muka samu, na ƙirga su. Inna ta daina zancen tafiya. Da safe za ta fito ta gaida bangonta, ta zauna tana tsince wake ko tana kaɗa kuda, ta ci abinci har ta nemi ƙari. Ranar Juma'a ta nemi tsumma da kanta. Da rana in ƙarfe ya ɗau zafi nakan rataya buhu a bakin rumfa don kada farantan su ƙona mata hannu. Na ɗauki hoton bangon na tura wa Yaya, na rubuta masa cewa ya bar makullinsa a aljihu. Har na daina sa sakata a ƙofar gida da rana, wadda dā ko bayi zan shiga sai na duba ta.

Kuskuren nawa ne, ba na ɗora wa kowa. An yi ruwa da iska, taɓo ya fantsama har bayan farantan, tsumma ba ya kaiwa. A Kalmalo ba wanda ya taɓa wanke bayansu, don bayansu a cikin bango yake, shekara arba'in ko motsi ba su yi ba. Ni kuwa, da iyayina, na sa hannu na ɓalle na Mahbuba a gabanta, na wanke shi a roba, na mai da shi, ƙau. Har da juyowa ina mata burga, ina cewa kin gani, Inna, na zamani ne, cirewa ake yi a mayar. Ta dube ni, ta dubi farantin. Ta tashi ta kama shi da hannu biyu ta ja, ya biyo ta. Ta tsaya riƙe da shi a ƙirji, ta waiga ta dubi tsakar gidan gaba ɗaya, rumfa, tankin ruwa, igiyar shanya, kamar yau ta fara ganinsu.

"Ashe ba gida muke ba," ta ce a hankali. "Kawo su aka yi."

Na karɓe na mayar, na shiga yi mata surutu, na kawo mata fura. Ta sha, ta koma tsince wakenta, har na ɗauka ta manta, tunda mantuwar ce ciwonta. Na yi niyyar in ce wa Lawwali ya kira Mukhtari a liƙe sauran da gam, sai na ce bari ranar kasuwa ta wuce, yanzu ba wanda ke da lokacin kansa.

Ranar kasuwar ce kuwa. Lawwali ya fita tun sassafe, ni kuma na shiga ɗaki bayan azahar in ɗan miƙe bayana, Inna tana gyangyaɗi a rumfa. Ban fi rabin awa ba. Da na fito, tabarma ce kawai. Na ɗaga kai, sai ga baƙaƙen zobba shida a jere a jikin kwantena, kowanne da ɗan ƙyallensa, sai farin faranti shi kaɗai a ƙarshen layi. Kewaye da shi fentin kwantenar duk ya kankare, ga cokali a ƙasa ya lanƙwashe, ga ɗigon jini a shuɗin bakin. Ta yi fama da shi, Allah kaɗai ya san tsawon lokacin, ni ina ciki ina barci.

Na fita ko mayafi ban ɗauka daidai ba. Ranar kasuwa a Illela, wa zai lura da tsohuwa ɗauke da ƙunshi a ka? Gari cike da su, daga Lafani, daga Darna, daga tsallaken iyaka. Lawwali ya rufe shago, ya ɗauke ni a babur muka bi hanyar Kalmalo. Wannan karon ta yi nisan da ba ta taɓa yi ba. Wasu mata masu dawowa da kwandunan kifi suka ce sun ga wata a gindin aduwa, sun ba ta ruwa, amma ta hana a taɓa kayanta. Muka same ta a jingine, numfashi sama-sama, farcen babban yatsanta ya tsage, ta ƙanƙame ƙunshin da hannu biyu. Ta ɗaure farantan shida a cikin zanen sallarta, ta sa tsumma a tsakanin kowane biyu don kada su gogi juna. Da na durƙusa a gabanta, sai ta ce, baiwar Allah, ki taimaka ki nuna mini hanya, yara zan mai da gida.

Ni na kira Yaya da kaina. Lawwali ya ce in bari, ba sai ya ji ba, amma likitan da ya ƙara mata ruwa ya ce da ta ƙara awa ɗaya a ranar nan da wani zancen ake yi. Na faɗa wa Yaya komai, har da wankin farantin. Na shirya wa faɗa, na ma so ya yi, sai bai yi ba. Ya ce to, Hindatu, kin yi iya yinki. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya iso washegari da hantsi. Na haɗa mata kaya, na rubuta wa matarsa komai a takarda: kunun tsamiya ba na gyaɗa ba, ba ta son fanka a kanta, kada a ba ta ruwan firji, ranar Juma'a a ba ta tsumma. Na ciro zobban shida na zuba a leda, na ce ƙofar gidansa ai ta ƙarfe ce, ko za a gwada. Ya karɓa don kada in ji haushi, amma ni da shi mun san ba za a bar ta ta kai bakin ƙofa ba. Inna kuwa ta ƙi tashi daga tabarma, ƙunshinta a cinya. Sai da Yaya ya durƙusa ya ce mata gida za a kai ta, Kalmalo. Ƙarya ce, kuma ina tsaye ban ƙaryata shi ba. Fuskarta ta washe, ta ba shi hannu, ta sunkuyar da kai ba ta dube shi ba, ko ta gane ɗan farinta ne ko kuwa kunyar baƙo take ji, ban sani ba.

Sun kai tsakiyar gida sai ta tsaya. Ta saki hannunsa ta koma jikin kwantenar, ta sa yatsun nan masu ciwo ta ƙara gwadawa sau ɗaya, a hankali. Bai motsa ba. Ta daɗe tana shafa shi. Sannan ta waigo ta yafuto ni, na matsa, ta kama hannuna ta ɗora a kan farantin, ta danne da nata.

"Baiwar Allah, wagga ta ƙi zuwa. Hindatu ce, autata. Tun tana ƙarama haka take, in ta kafe ba mai ɗaga ta, amma ba ta da mugun hali, baki ne kawai." Ta matse hannuna. "Ki riƙe mini ita amana. Kada ki bari ta yi ta kuka, ki ce mata ba yar da ita na yi ba, na yi na yi ta ƙi."

Na buɗe baki in ce ni ce, Inna, ga ni, sai na ga idan na faɗa zan rikita ta, ta fasa shiga motar, a koma ɗaukarta da ƙarfi. Na haɗiye. Na ce to, Inna, zan gaya mata.

Ta shiga mota da 'ya'yanta shida a cinya, ba ta waigo ba. Na tsaya a ƙofa har suka sha kwanar tasha. Da na dawo ciki Lawwali ya ce ko a kira Mukhtari ya gwada da zafin wuta, wataƙila gam ɗin ya saki, a aika mata da shi Sakkwato. Na ce a bar shi inda ta bar shi. Jinin yatsanta yana nan a shuɗin bakin, ya bushe. Ranar Juma'a na jiƙa tsumma na je na tsaya a gabansa, na goge tsakiyar, na kasa kai hannu wurin.